Wankin ƙoda: Jijiyar hannun da ya kamata a tanada tun kafin ranar buƙata

Duk lokacin da aka tashi maganar wankin ƙoda a Najeriya, kuɗi ne ke fara zuwa bakin mutane: nawa ake biya a kowane zama, sau nawa a mako, wace gona ko wane fili aka sayar.

Amma kafin a kai ga kunna injin, akwai tambayar da sai an amsa ta. Ta ina jinin zai fita daga jikin mara lafiya, ta ina kuma zai koma?

Injin wankin ƙoda ba ya aiki da ɗigo-ɗigo irin na ƙarin ruwa. Yana buƙatar jini ya riƙa kwarara cikinsa kimanin mililita 300 zuwa 400 a kowane minti, na kusan awa huɗu, sau uku a mako ga wanda ke samun cikakken wanki. Ke nan cikin minti biyu kacal, jinin da ya fi cikin ledar fiya-wata guda ya fita ya dawo.

Jijiyoyin da ake gani a hannun mutum ba za su iya wannan aiki ba yadda suke. Idan injin ya ja da ƙarfi sai su motse, idan aka yi ta soka su sai su toshe. Dole sai an gina hanya ta musamman, kuma ginin yana cin makonni, wani lokaci watanni. A nan ne mafi yawan marasa lafiya ke makara.

Roba a matsematsi, roba a wuya

Ciwon ƙoda na tafiya ne a ɓoye tsawon shekaru, galibi a bayan hawan jini ko ciwon suga. Da yawa ba sa sanin suna ɗauke da shi sai ranar da aka kwaso su zuwa asibiti ƙafafu sun kumbura, numfashi na sama-sama, ga amai, ga shaƙuwa, ga ƙarancin jini.

A irin wannan hali likita ba shi da zaɓi. Zai zura doguwar roba cikin babbar jijiyar matsematsi ko ta wuya, a haɗa da injin nan take. Rahotannin da asibitocin koyarwa na ƙasar nan suka wallafa sun sha nuna cewa mafi yawan masu fara wanki da irin wannan roba ta wucin gadi suke farawa, kuma ta matsematsi ce ta fi yawa.

Robar tana ceton rai a wannan rana, babu mai musun haka. Matsalar ita ce ƙofa ce a buɗe daga waje zuwa cikin jini. Ƙwayoyin cuta na bin ta su shiga, sai a ga mutum yana rawar sanyi da zazzaɓi a tsakiyar wanki ko bayan ya koma gida. 'Yan uwa kan ɗauka maleriya ce, su nufi kemis, alhali cutar na cikin jini ne.

Ta matsematsi kwanaki kaɗan ya kamata ta yi, ta wuya ta wucin gadi kuma bai kamata ta wuce mako biyu ba. Akwai cibiyoyin da ke zura sabuwa a kowane zama su cire bayan an gama, wato kuɗin roba daban, zafin sukar daban.

Akwai wata robar da ake bi da ita ta ƙarƙashin fatar ƙirji kafin ta shiga jijiyar wuya. Ita takan yi watanni, ta fi tsada, amma ita ma ba ta tsira daga ƙwayoyin cuta da toshewa ba. Sannan duk robar da ta daɗe a manyan jijiyoyin ƙirji tana iya sa su tsuke, musamman jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa. Idan ta tsuke, hannun wannan ɓangaren na iya lalacewa ga duk wani shiri na gaba.

Sunan da ke firgita mutane

Hanyar da likitocin ƙoda suka fi so ga mafi yawan masu wanki na dogon lokaci ita ce wadda suke kira fistula.

A Arewa wannan suna na da nauyi, domin ta hanyar yaƙi da yoyon fitsari jama'a suka san kalmar. Babu wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu. Ma'anar kalmar dai ita ce kafa tsakanin abu biyu da a da ba su haɗe ba. Waccan lalura ce da doguwar naƙuda ke jawowa, wannan kuwa haɗin jijiya ne da likitan tiyata ke yi da gangan a hannu.

Hausa ta tara abubuwa da yawa ƙarƙashin kalmar jijiya, don haka sai an bambance. Akwai jijiya mai bugu, wadda ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi, ita ce ake ji tana harbawa a wuyan hannu. Tana can ciki, ba ta sokuwa da sauƙi. Akwai kuma jijiyar mayar da jini, irin wadda ke tasowa a bayan hannu da damtse, wadda ake ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa ta cikinta. Ita tana kusa da fata amma bangonta siriri ne, jininta kuma a hankali yake tafiya.

Abin da likita ke yi shi ne ya ɗinke biyun wuri guda, jinin mai ƙarfi ya riƙa tsallakawa kai-tsaye cikin jijiyar saman. Aikin yakan ɗauki kimanin awa ɗaya, yawanci da allurar kashe zafi ba tare da an sumar da mutum ba, kuma da yawa suna kwana a gida ranar.

Ana fara dubawa ne daga wuyan hannu. Idan jijiyoyin wurin ba su isa ba, sai a hau gwiwar hannu. Hikimar farawa daga ƙasa ita ce idan na farko ya lalace bayan shekaru, akwai sauran wuri a sama. Kuma ana fifita hannun da mutum bai cika aiki da shi ba: hagu ga mafi yawan mutane, dama ga bahago.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Dokta Willem Kolff ya ƙera injinsa a ƙasar Holan a 1943, kowane wanki sai an yanka an shiga jijiya, bayan 'yan lokuta kaɗan jijiyoyin mara lafiya sun ƙare. Shi ya sa a farko injin bai amfani sai wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci. A 1960 Dokta Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya fito da wata 'yar roba da ke zama a wajen fata tana haɗa jijiyoyin biyu, kuma mutum na farko da aka sanya wa ita, Clyde Shields, ya rayu shekara 11 yana wanki. Sai dai robar na yawan toshewa da ɗaukar cuta.

Likitoci James Cimino da Michael Brescia, tare da likitan tiyata Kenneth Appel, su ne suka mayar da haɗin ƙarƙashin fata a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke birnin New York, suka wallafa sakamakon a 1966. Har yau ba a samu abin da ya fi shi daɗewa da ƙarancin ɗaukar cuta ba.

Sai ta nuna

Ranar da aka yi tiyata ba ranar fara amfani ba ce. Likitoci na cewa sai jijiyar ta nuna, kamar yadda ake jiran ɗan itace.

Kafin haɗin, jinin da ke bi ta jijiya mai bugu a wuyan hannu bai fi mililita 20 zuwa 30 a minti ba. Bayan haɗin sai ya ninka sau da yawa. Gogar da wannan gudu ke yi wa bangon jijiya ita ke sa ta saki wasu sinadarai da ke buɗa ta, a hankali ta yi faɗi, bangonta ya yi kauri, har ta iya jure manyan allurai biyu sau uku a mako: ɗaya na fitar da jini, ɗaya na mayarwa.

Akwai ma'aunin da aka daɗe ana koyar da ma'aikatan jinya, wanda duk lambobinsa shida ne. Faɗin jijiya ya kai milimita 6, zurfinta daga fata kada ya wuce milimita 6, gudun jini ya kai mililita 600 a minti, kuma a duba hakan wajen mako na 6. A aikace wasu sukan kai wata uku ko huɗu kafin su soku.

Wasu kuma ba sa nuna sam. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2008 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na sababbin haɗin jijiyar da aka bibiya ba su kai matsayin da ake so na yin wanki ba a lokacin da aka sa rai. Wasu ƙasashen na samun sakamakon da ya fi wannan, amma adadin ya isa ya nuna cewa abin ba tabbas ba ne. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, masu ciwon suga, da mata, waɗanda jijiyoyinsu kan fi ƙanƙanta.

Saboda haka ne likitan tiyata ke son ganin jijiyoyin da na'urar sikanin kafin ya yanka. Abin da aka saba nema shi ne jijiya mai bugu ta kai milimita 2, ta mayar da jini kuma ta kai milimita 2 da rabi. Bambancin rabin milimita na iya zama bambanci tsakanin haɗi a wuyan hannu da haɗi a gwiwar hannu. A kan wannan rabin milimitar ne maganar motsa hannu ta shigo.

Me ƙwallon roba ke iya yi?

Kusan ko'ina a duniya, wanda aka yi wa haɗin jijiya akan miƙa masa ƙaramin ƙwallon roba a ce ya je ya yi ta matsawa.

Dalilin a fili yake. Idan tsokar hannu na aiki, tana neman ƙarin jini, jijiya mai bugu ta buɗe, jinin da ke komawa ta jijiyar sama ya ƙaru. Wannan shi ne irin gudun da ke faɗaɗa jijiya. Duk wanda ya lura da damtsen maƙeri ko mai faskare ya ga abin da aiki ke yi wa jijiyoyi.

To amma yaya ƙarfin hujjar yake? Wani ƙaramin bincike da aka yi a ƙasar Sulobeniya a 2003 ya nuna cewa mako takwas na atisayen damƙa ya ƙara faɗin jijiyoyin hannun masu ciwon ƙoda. Wani kuma da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya aka wallafa a 2016 ya samu cewa waɗanda suka bi tsararren atisaye bayan tiyata sun fi samun jijiyar da ta nuna a idon masu dubawa, musamman idan haɗin a wuyan hannu yake.

Sai dai binciken duk ƙanana ne, mutanen ciki 'yan gommai. Shi ya sa ƙa'idojin Gidauniyar Ƙoda ta Amurka na 2019 suka yi taka-tsantsan: sun ce hujjar ba ta kai a wajabta atisayen ba, amma idan za a yi, a motsa hannu gaba ɗaya maimakon yatsu kawai. Ƙwararrun Turai kuma a wannan shekarar sun karkata ga cewa tsararren atisayen hannu da damtse na iya taimakawa.

Idan aka auna, abu ne da ba ya cin ko kwabo, haɗarinsa kaɗan ne in an bi ƙa'ida, kuma yana iya amfani. Ga mara lafiyar da kowane abu na jinyarsa sai an biya, wannan kaɗai ya isa dalili. Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba: mai matsa ƙwallo sau uku a yini yana duba hannunsa sau uku a yini, don haka shi zai fara lura idan wani abu ya canza.

Takardun da cibiyoyin ƙoda ke raba wa marasa lafiya sun ɗan bambanta a lissafi, amma tsarin ɗaya ne. A sauke hannu ƙasa, a matse ƙwallon a riƙe na daƙiƙa uku zuwa biyar, a saki, a maimaita sau 10 zuwa 15, a huta, a sake, har a cika minti biyar zuwa goma. A yi haka da safe, da rana, da la'asar, da kuma dare idan hali ya yi.

Ba sai an nemo ƙwallon asibiti ba. Ƙwallon tanis da ya yi laushi ya wadatar, haka soson katifa da aka yanka daidai tafin hannu, ko safa biyu da aka dunƙule. Abin maƙale kayan shanya ma ana amfani da shi, a riƙa buɗe shi da babban yatsa da kowane yatsa bi da bi.

Don damtse kuwa, musamman ga wanda haɗinsa ke gwiwar hannu, sai a riƙe abu mara nauyi a riƙa lanƙwasa hannu zuwa kafaɗa ana miƙewa a hankali. Robar ruwa mai rabin lita nauyinta rabin kilo ne, kuma daga nan ake farawa. Haka nan a kwantar da hannu a kan cinya ko tebur, a riƙa ɗaga wuyan hannu sama da ƙasa da wannan robar.

Lokacin farawa yana da muhimmanci. Wanda aka sanya wa ranar tiyata zai iya fara atisayen makonni kafin ranar. Bayan tiyata kuwa sai likita ya ba da izini, yawanci idan rauni ya kame an cire zare, wato bayan mako ɗaya zuwa biyu. Kafin nan motsa yatsu a hankali da ɗora hannu a kan matashi don kumburi ya sauka sun isa.

Wasu likitocin kan koya wa mara lafiya ya ɗan riƙe damtsensa da ɗaya hannun yayin matsawa don jijiya ta cika. Wannan ba abin da mutum zai ƙirƙira wa kansa ba ne, balle ya ɗaure hannu da roba ko igiya. Ɗaurin da ya yi tsauri zai iya tsayar da jinin ya daskare, aikin ya mutu gaba ɗaya. Idan an ji zafi, ko hannu ya kumbura, ko rauni ya fara tsatsar jini, a dakata a koma wa likita.

Akwai kuma abin da ƙwallo ba zai taɓa gyarawa ba. Idan jijiyar ta tsuke kusa da wurin ɗinkin, ko wasu ƙananan rassa na janye jinin gefe, ko shekara mutum zai yi yana matsawa ba za ta nuna ba. Wannan aikin likita ne, ko ya buɗa wurin da 'yar balan-balan ta cikin jijiya ko ya ɗaure rassan. Don haka komawa a duba tsakanin mako na huɗu da na shida ba abin wasa ba ne, ko da hannun bai dami mutum ba.

Ƙarin ruwan da ke cinye jijiya

Akwai ɓarnar da ake yi tun kafin mutum ya san zai buƙaci jijiyarsa.

A unguwanni da ƙauyuka, ƙarin ruwa ya zama maganin komai. Kasala, zazzaɓi, ciwon kai, sai a kira mai kemis ko wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya rataya leda a ƙusa. Mai neman jijiya kuwa wadda ta fi fitowa yake nema, kuma sau da yawa ita ce doguwar nan da ke tasowa daga gefen babban yatsa ta haura hannu. Ita ce kuma ainihin wadda likitan tiyata zai nema.

Kowace kanula da ta kwana biyu ko uku a jijiya tana iya barin tabo a cikinta. Jijiyar da ta sha suka takan taurare kamar igiya ko ta toshe, kuma jijiya mai tabo ba ta faɗaɗa yadda ake so. Masu sikila da masu ciwon suga, waɗanda suka fi kowa yawan kwanciya a asibiti kuma suke cikin haɗarin ciwon ƙoda, su ne suka fi isa gaban likitan tiyata da jijiyoyin da suka riga suka ƙare.

Shawarar ƙwararru ga duk wanda aka tabbatar ƙodarsa ta yi rauni sosai ita ce a riƙa ɗibar jini da sa kanula a bayan tafin hannu, a bar tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, musamman a hannun da aka ware. A wasu ƙasashe har abin hannu ake ba mara lafiya mai rubutun gargaɗi. A nan, bakin mara lafiya ko na mai jinyarsa shi ne gargaɗin. Cewa ma'aikaciyar jinya, “Sista, don Allah a duba bayan hannu, likitan ƙoda ya ce a bar wannan,” ba raini ba ne, kuma wadda ta san aikinta za ta gane nan take.

Shan taba ma na cikin abin da ke ɓata jijiyoyi, haka sukari da hawan jinin da ba a kula da su ba.

Gurnanin da ba a so ya tsaya

Idan aka ɗora yatsu a kan haɗin jijiya mai lafiya, za a ji wata 'yar rawa mai ci gaba kamar wayar da aka sa a yanayin girgiza, ko gurnanin kyanwa. Idan aka kara kunne za a ji shuu, shuu. Ana son mara lafiya ya taɓa ya ji wannan kullum, da safe da kuma kafin barci.

Ranar da rawar ta tsaya ko ta yi rauni ƙwarai, ranar za a tafi asibiti, ba sai ranar wanki ta zagayo ba. Jinin da ya daskare ana iya cire shi idan an zo da wuri. Idan aka kwana biyu, sau da yawa sai dai a koma roba a fara neman wani wurin.

Abin da ya fi kashe haɗin jijiya shi ne faɗuwar ƙarfin jini da matsi daga waje. Gudawa, amai, zufar watannin Maris zuwa Mayu, ko cire ruwa da yawa a wurin wanki duk suna iya sa jini ya yi ƙasa ya daskare a wurin. Mai yawan jiri bayan wanki ya gaya wa ma'aikata.

Matsi daga waje kuwa abubuwa ne na yau da kullum: agogo, awarwaro, hannun riga mai matsewa, rataya jaka, yin matashi da hannu, ɗora kan yaro a kai har ya yi barci. Ba a auna hawan jini a wannan hannun, ba a ɗibar jini, ba a sa ƙarin ruwa. A makonnin farko kada a ɗauki abin da ya wuce kimanin kilo 5, wato bokitin ruwa, jarka, daka da tuƙin tuwon gida duk su jira.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su rungume hannun kamar karaya, su daina komai da shi. Wannan ma kuskure ne. Bayan an warke ana son a ci gaba da ƙananan ayyuka da shi.

Yatsu su yi sanyi, su yi zugi, ko su mutu, musamman lokacin wanki, alama ce cewa haɗin na kwashe jinin da ya kamata ya isa tafin hannu, kuma masu ciwon suga sun fi fuskantar haka. Ja, zafi, ruwa ko mugunya a wurin suka alamar cuta ce. Fata ta yi siriri tana ƙyalli a kan kumburin jijiya, ko ɓawon ciwo ya ƙi warkewa, wannan gargaɗi ne cewa wurin na iya fashewa.

Idan jini ya ɓalle a gida, a danne daidai wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannu sama, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, a nemi mota nan take. Jinin wannan wuri da ƙarfin zuciya yake fita, mintuna kaɗan sun isa a rasa rai.

Ma'aikatan wanki ma suna da nasu nauyin. Soka wuri ɗaya kullum saboda ya fi sauƙi shi ke sa jijiya ta kumbura ta yi ƙullutu. Ƙa'ida ita ce a riƙa matsawa sama da ƙasa a tsawon jijiyar. Gaggawar fara suka kafin ta nuna, wanda wani lokaci 'yan uwa ne ke matsa wa a yi don a huta da kuɗin roba, na iya fasa ta jini ya taru ƙarƙashin fata, a yi asarar aikin.

Sauran jiki

Motsa jiki ga mai wanki bai tsaya a hannu ba. Gajiya da zaman awanni a kan gado na zaftare tsoka da sauri. Wani bincike a Italiya da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa tafiyar ƙafa ta 'yan mintuna a gida, a ranakun da ba na wanki ba, ta ƙara wa marasa lafiya nisan da suke iya takawa. A birnin Lesta na Ingila kuma an gwada tuƙa keken motsa jiki na minti 30 a lokacin wanki tsawon wata shida, aka ga kaurin tsokar zuciya ya ragu. Wanda ke da ciwon ƙirji, ƙarancin jini mai tsanani ko numfashi na yankewa, sai ya ji ta bakin likita tukuna.

Me ya sa ake makara?

An fara wankin ƙoda a Najeriya tun 1981 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na yin dashen ƙoda tun 2002. Ilimin yana nan. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne lokaci da aljihu.

Iyalin da ke haɗa kuɗin wanki na wannan makon daga hannun dangi da maƙwabta, da wuya su ware dunƙulallen kuɗin tiyatar da ba za a mora ba sai bayan wata biyu, ga kuma kuɗin robar da za a ci gaba da biya kafin nan. Likitocin da suka ƙware a aikin ba su da yawa, mafi yawansu a manyan birane suke. Wani nazari da Farfesa Gloria Ashuntantang ta Kamaru ta jagoranta, wanda mujallar The Lancet Global Health ta wallafa a 2017, ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sababbi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina. Wanda bai da tabbacin zai kai wata uku, wa zai yi masa maganar jijiyar da za ta yi shekara goma?

A watan Agustan 2025 Fadar Shugaban Ƙasa ta sanar da rage kuɗin kowane zama daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocin tarayya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare. Jihar Yobe, inda yankin Gashuwa ya daɗe yana kuka da yawan ciwon ƙoda, na yin wanki kyauta a asibitin koyarwarta da ke Damaturu. Duk inda mutane suka fara iya jure wanki na watanni da shekaru, maganar hanyar jini ta dindindin ta zama dole, domin rahusar zama ba za ta yi nisa ba idan cutar roba na mayar da mutum gadon asibiti.

Ba kowa ne haɗin jijiya ya dace da shi ba. Wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci, kamar bayan zubar jini wajen haihuwa ko amai da gudawa, roba ta ishe shi har ta farfaɗo. Haka wanda ake shirin yi wa dashe nan kusa, ko mai raunin zuciya sosai, domin haɗin na ƙara wa zuciya aiki. Wanda jijiyoyinsa suka ƙare kuma akan dasa masa jijiyar roba ƙarƙashin fata, wadda ake fara sokawa bayan mako biyu zuwa huɗu, sai dai ta fi saurin toshewa.

Ga sauran kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A takardar gwajin ƙoda akwai lambar da ake rubutawa eGFR, wadda ke nuna ƙarfin tacewar da ya rage. Idan ta sauka ƙasa da 30, lokacin fara kare jijiyoyin hannu ya yi. Idan ta kai tsakanin 15 da 20 kuma tana ci gaba da sauka, a nan ne ƙa'idojin suka ce a tura mutum wurin likitan tiyata a duba hannunsa, domin ana son haɗin ya kasance a shirye kimanin wata shida kafin ranar da ake hasashen fara wanki.